Minti Uku a Hawa na Tara

Tun asuba na bar Agege,
akwatin kwali a cinya, na rungume shi
kamar mai kai jariri rigakafi.
Kwandasta ya ce kuɗin mutum biyu zan biya.
Na biya. Ai mu biyun ne.

Wata goma sha ɗaya muna tare,
ni da dalma da ƙarfen liƙi,
a wani lungu bayan kasuwar kwamfuta ta Ikeja
inda hayaƙin janareta ke shiga har cikin shayi.
Abin da na ƙera bai fi tafin hannu ba.
A cusa shi kwandon tumatir tun daga Kadawa,
in zafi ya fara dafa kaya a hanya
sai ya buga wa direba waya:
tsaya, ɗaga tamfol, ba su iska.

Hawa na tara, Ikoyi.
Sanyin ɗakin ya isa ya raya tirela guda.
Aka ce, minti uku gare ka, Haladu.
Minti uku!
Ko gaisuwa a garinmu ba ta ƙarewa a haka.

Na buɗe akwati, wata waya ta zame,
na mayar da ita da farce, fitila ta yi kore.
Mai gilashi ya ce, da kyau,
amma ba za a mai da shi manhaja ba?
Ƙarfe nauyi gare shi, in ji shi,
sai jirgin ruwa, sai kwastan, sai jira.
Bai yi ƙarya ba.
Kayana sun yi sati bakwai a Apapa,
kafin su fito dala ta hau ta bar ni a ƙasa.
Na ce, ranka ya daɗe,
ba a cikin waya tumatir ke ruɓewa ba.
Suka yi dariya, suka tafa,
suka ba ni kati da ruwan gora.
Tafi kuwa ba ya sayen batir.

La'asar sakaliya na sauka Mile 12.
Hajiya Tasalla na kan kifaffen kwando
tana tsince ruɓaɓɓu, ƙudaje na taya ta lissafi.
Ta juya abin, ta shinshina shi,
ta ce, nawa guda?
Na faɗa. Ta ce, ka yi tsada, ɗan nan.
Sannan ta kwance bakin zani,
kwasar adashenta ce ta wannan wata.
Yi min shida, jibi direbana zai hau Arewa.
In kaya suka iso da ƙwarinsu
Iya Bose ma za ta so, da duk 'yan layinmu.
In suka iso ruwa,
ka dai san inda nake zama.

Yanzu ƙarfe ɗayan dare.
An ɗauke wuta, man janareta saura kaɗan.
Huɗu sun tashi, na biyar ya ƙi magana.
Katin mai gilashi yana nan,
da shi nake kankare dalmar da ta ɗiga a tebur.