Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Ni tela ne a Bilbis, cikin Tawa,
shekara talatin ƙafata na bisa feda.
Ban taɓa kiwon komi ba, ko kaza.
Ita ta zo da kanta, Lahadi, bayan kasuwa ta watse,
kunne guda a tsage, ciki na jan ƙasa.
Ta dube ni kamar mai neman ɗakin haya,
ta shige kwandon ƙyallaye.

Da asuba sun zama biyar.
Ƴaƴa huɗu, makafi, babu wanda ya kai tsawon almakashi,
ɗaya kwance bisa guntun shaddar da aka ce in ajiye.

Nomau ya fara. Katangarmu guda,
tantabarunsa arba'in, kowace ya san tashinta.
Ya ce, Haladu, mussar nan taka ce?
Na ce, ta Allah ce.
Ya ce, to a sani, na sayo maganin ɓera.

Cima ba ta da tsuntsu ko ɗaya.
Ta ce idon mussa da dare ba idon dabba ba ne,
tun zuwanta jikanyarta ke zazzaɓi.
Damina ce, Cima, sauro ne, kwatar ƙofarki ce.
Ban faɗa ba.
Na ciji zare, na ci gaba da kalmasa.

Yara suka zo da danƙo.
Na ɗinka musu ƙwallon tsumma, na karɓi danƙo uku,
ga su can rataye ga ƙusa, tare da igiyar awo.

Daga nan na koyi tashi kafin ladan.
Tocila a hannu, ina bin gindin katanga
ina tsintar kawunan kifin Tabalak
da aka barbaɗa wa gari mai shuɗi.
In haƙa rami, in rufe, in ɗora dutse,
in wanke hannu sau uku kafin alwala.

Ba zan yi mata ƙarya ba: ta ci ɗan shila guda.
Na ga gashin a bakin kwando.
Na kai wa Nomau jikka, ya ƙi karɓa.
Na sayo ragar waya da kuɗin,
na hau na buga wa akurkinsa da rana tsaka.
Bai ce sannu ba.
Amma shi ya riƙe mini tsani.

Dare ɗaya kawai na makara.
Masassara ta danne ni, ladan ya kira, ban ji ba.
Na same ta a gindin randa, baki da kumfa,
ta jawo jiki ta dawo gida, saura taki biyu ga kwando.
Kifin wa? Ban tambaya ba.
Unguwa ce, gobe ma gaisawa za mu yi.
Na naɗe ta cikin atamfa sabuwa, ba ragowa ba,
na bizne ta ƙarƙashin bedi.

Kwalbar man keke na wanke da ruwan zafi,
na dama madarar gari,
ɗigo, ɗigo, bakin da bai kai maɓalli ba.
Ɗinkin mutane ya yi latti, na sha zagi.
Guda ya bi uwarsa ranar Talata.
Uku sun buɗe ido.

Yanzu in na taka feda suna kai wa ƙafata hari,
sun warware mini zare ya fi na dala ɗari.
Jikanyar Cima ta warke.
Kullum la'asar tana zuwa, wai maɓallin rigarta ya cire.
Na san da haƙori take cire shi.
Ina ɗinkawa a hankali, a hankali ƙwarai,
tana durƙushe, hannunta cikin kwando,
kunnenta na ga ƙofa.