Bagaruwa a Gafaka

Ni ne Boyi, ɗan majema na gangaren Rima,
Kaka jima, baba jima, ni ma na tarar da jima.
Farcena baƙi ne, ba sabulun da ya taɓa kayar da shi.
In na shiga sahu akan matsa kaɗan, ba a cewa komai,
Hanci kan riga baki gaisuwa.

Gidan Alƙali na Ƙofar Marke muke kai wa fata.
Buzun da yake salla a kai, babana ya jeme shi,
Gafakar da ke rungume da littattafansa,
Ni na kwana uku ina murza ta da karan dafi
Har ta yi jan da ba ya koɗewa.

A zaure na ga Lubabatu, ta fito karɓar saƙo,
Alli a yatsunta, ta taso daga makaranta.
Ba ta toshe hanci ba. Wannan kaɗai.
Ta ce, "Mi aka sa ma fata ta yi laushi haka?"
Na laluba aljihu, na miƙa mata bagaruwa.

Na je na koyi ɗinki wurin dukawa
Don kawai in sami dalilin zuwa.
Yau maɗauri ya tsinke, gobe baki ya saki,
Ita ma takan ce wani littafi na son riga,
Alhali ni na yi masa rigar, sabuwa.

Damina biyu. Sai ga yayanta Haliru a majema,
Yana tattare farin boyel kada ya taɓa ƙasa.
Bai zage ni ba. Da ya zaga, da na sami abin riƙo.
Ya zauna kan turmi, ya sha ruwanmu a moɗa,
Ya ce, "Boyi, kai mutumen kirki na,
Amma in an tambayi ɗiyanku wa ak kakansu,
Mi za mu cewa?"

Ita ba a tilasta ta ba, kada a yi mata ƙarya.
Da ƙafarta ta zo bakin gada, la'asar sakaliya,
Ta ce, "Sunan gidanmu tulu ne bisa kaina,
Ba ni na ɗora ba, amma in na waiwaya
Ni za a ce ta fasa."
Na ce to.
Shekara talatin wannan to ɗin nake taunawa.

Akwai wani ɗan Fanjab, malamin lissafi a kwaleji,
Yakan zo sayen jakunkuna ya kai wa danginsa.
Ya ce a waƙoƙin ƙasarsu masoya ba sa tsufa,
Kogi ya ci wannan, dafi ya ci wancan,
Sai an binne su a tuna cewa mutane ne.
Na ce malam, gulbinmu da rani iyakarsa gwiwa,
Mu nan akan koma gida a jiƙa fata,
A yi aure, a haifi 'ya'ya, a yi furfura.
Namu ruwan ba ya nutsarwa.

Shekaranjiya wani saurayi ya faka mota can nesa,
Hankici a hanci, tsohuwar gafaka a hammata.
Ya ce, "Ta Inna ce, ta rasu cikin azumi,
Ta bar wasiyya kai kaɗai za ka gyara."
Na gane ɗinkin, karkatacce, na ɗan koyo.
Can ƙasa, ƙunshe a takardar jarrabawa,
Ga ta ta bushe, 'ya'yanta na kaɗawa.

Na mai da ita inda take, na ɗinke baki.
Ya ce, "Baba, nawa?"
Na ce an biya tun ba a yi maka wankan haihuwa ba.
Ya dube ni, ya dubi agogo, ya tafi.
Na nannaɗe wando, na koma rami,
Akwai fata sittin da ke jiran wankewa.