Dariyar Da Ta Makara

A Kasuwar Barci na tsince shi,
ƙarƙashin tulin tsofaffin jaridu,
bango ya tafi, shafin farko ya bi sahu.
Mai kaya ya ce, "Ɗari biyar. Na ban dariya ne."
Na ce, ka karanta?
Ya ce, "A'a, amma wanda ya kawo shi
haƙoransa a waje ya tafi."

Na kai shi ɗaki a Unguwar Sanusi,
ƙamus a dama, jan biro a hagu,
kamar mahauci zai fiɗar rago.
Layi ɗaya, baƙi huɗu ban san gidansu ba.
Kafin in je ƙamus in dawo
zance ya huce kamar shayin da aka manta,
ni ko murmushi ban samu ba.

Labarin wani akawu ne
a garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa,
mai son kalma doguwa kamar jirgin Rigasa.
In gishiri zai nema a teburi
sai ya miƙe ya yi jawabi.
Marubucin kuwa sai kirari yake masa:
haziƙi, in ji shi, fitilar unguwa.
Na yarda. Na rubuta a jinga: mutumin kirki ne.

Malam Ishaya na ajin dare a Tudun Wada
ya ba ni biyu bisa goma.
Ya ce, "Tanimu, ka ƙirga gashin akuya
ba ka ga ta ci maka danga ba.
Bar ƙamus ya huta, bi shafin har ƙasa.
Wa ke magana? Me ya faɗa?
Me kuma ya haɗiye?"

Kwana uku ina tauna tsakuwa.

Ran Laraba, da fasinja uku a keke,
cunkoso ya tsare mu kan gadar kogi,
rana na dukan kwalta, ƙaho na zagin ƙaho,
sai muryar kakata, Iya Dije, ta faɗo min,
ranar da kawu ya fasa mata randa:
"Sannu gwani! Allah ya ƙara basira."
Fitilar unguwa!
Ashe gatse ne, ya sa kwat ya sha takalmi,
ya haye teku ban gane shi ba.

Dariya ta kwace min kan keke.
Na yi ta har hawaye, har tari.
Mai kwandon tumatir ta ce, "Direba, lafiya?
Sauke ni nan, ina da 'ya'ya."

Da dare na ɗauko ɗan kundina,
kalma ɗari uku da sha biyu,
duk dogaye, na zaɓo su kamar rake.
Na tuna yadda nake jifan fasinja da su,
yadda na jera wa Asabe guda bakwai a waya
don kawai in ce mata zan zo Juma'a.
Ta amsa da cewa, "Sannu Bature."
A lokacin har daɗi na ji.

Na kalli akawu, akawu ya kalle ni.
Wannan dariyar ba ta yi ƙara ba.

Yanzu ina shafi na casa'in da ɗaya.
Har gobe ina tara kalmomi,
amma na fara ɗaukar ƙanana,
masu shiga ta ƙofar baya su yi ɓarna.
Na koyi sauraron inda jimla ke ɗaga gira.

Jiya Malam ya ce a fito da jigo.
Na rubuta layi biyu kacal da Turanci mara ado.
Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Gwani."
Na tsaya ina duban bakinsa,
ina neman ta wane gefe ya murɗe.