Almakashina Ba Shi da Jam'iyya

Rumfata tana bakin kasuwar Garwa,
inda hayaƙin kifin Lagdo ke shigowa ba sallama.
Shekarar zaɓe ce, keken ɗinkina ya sani,
tun damina ba ta naɗe tabarma ba
ya daina barci.

'Yan gida ɗaya ne suka fara zuwa,
jam'iyya ɗaya, tuta ɗaya, fuska biyu.
Alhaji Bakoji ya aiko turmi arba'in,
kowane yadi da murmushinsa sau shida.
Malam Hamajoda ya aiko talatin,
shi bai yi murmushi ba, tabarau ya sa.
Fidda gwani ran Asabar, in ji su,
a ɗinka wa mata, a ɗinka wa 'yan babur.

Na yi bismillah, na ɗau almakashi.
Na raba hancin Alhaji biyu don hannun riga,
kunnen Malam ya faɗa ƙarƙashin hammata.
Ba ƙiyayya ba ce. Awo ne.

Ran Asabar aka kulle ƙofar zaure.
Wakilai ɗari biyu suka shiga,
aka ƙirga hannuwa, ɗari uku suka tashi.
Dudu mai kunun gyaɗa ta ba ni labari,
ta ce wasu sun ɗaga dama da hagu
saboda sun ci ta dama, sun ci ta hagu.
Alhaji ya haye.
Malam ya bar ni da riguna tara
da bashin jaka goma sha takwas.

Mako bai zagayo ba, sai ga shi ƙarƙashin wata tuta,
tabarau na nan, launi ya sauya.
Ya ce, "Tela, abin da ya wuce ya wuce."
Na ce, "Ban da jaka goma sha takwas."
Ranar na fara ganin haƙoransa.

Sannan babban zaɓe ya taso.
Masu neman kujerar Yawunde suka hau allunan titi,
dogaye, ba su ganin ramin da ke ƙofarmu,
ƙananan 'yan takara suka manne musu
kamar kaska a kunnen sa.

Ran ƙuri'a na rufe rumfa,
na bi layi a makarantar da ɗana ke zaman ƙasa.
Inna Astajam na gabana,
Alhaji a zaninta, Malam a ɗankwalinta,
duka ɗinkina ne.
Na ce, "Inna, to wanne?"
Ta ce, "Tufa ta jiki ce, ɗan nan.
Ƙuri'a a ciki take kwana."

Na shiga bayan labule.
Kalmasarsa a karkace take, na lura,
ko wa aka bai wa aikin, bai iya ba.
Na zaɓi wanda na zaɓa,
na fito da tawada a yatsan da allura ta saba huda.

Yanzu gari ya yi tsit, an kwashe lasifika.
Ƙyallayen da suka rage na harhaɗa su,
na yi wa autata Fanne mayafi:
rabin Alhaji, rabin Malam, kumatu a kumatu,
zare ɗaya ya riƙe su.
Jiya da dare ta yi musu fitsari su biyun.
Ga su can a igiya, suna bushewa.