Gwangwanin Tumatir

Yatsa huɗu ne tsakanin taya da leɓen ƙarfen motata.
Na auna, na sake aunawa,
su ke hana ni barci tun watan jiya.
Sitalet ce ja, ta girme ni da shekara biyu.
Na sa mata janti masu ƙyalli, na canja salansa,
in ta yi gyaran murya a Sabon Gari, ana ji a Zango,
amma ga ta ƙiƙam kamar zalɓe a bakin tabki.
Ni so nake ta durƙusa.

Na kai ƙara garejin Kyari, bayan Kasuwar Dole.
Ya fito daga ƙarƙashin wata tasi, baƙin mai har gira,
ya shimfiɗa mini hanya biyu a kan kwali.

Ga gajeren rasor, in ji shi, jikka arba'in da biyar.
Yau a ɗaura, gobe ka yi yanga.
Sai dai magana ɗaya gare shi, ba ya sake ta.
Inda ya ajiye ka, nan za ka kwana,
rani da damina.
Tsofaffin amortisar ɗinka kuma
kamar a sa dattijo tafiya a tsugune:
zai yi, don kunya,
wata shida ya fara zubar da hawayen mai.

Ɗayan, kwailoba.
Ya faɗi sunan a hankali kamar mai taunar tsakuwa.
Sai an aika Kano, jikka ɗari biyu da hamsin,
ban da shayin direba.
Yana da zare a jiki, ka murɗa da kile,
ta sauka ranar Juma'a da yamma,
ta tashi in ruwa ya yanke hanyar Karkada.
Na ce: shi ke nan, wannan ne.
Ya ce: zaren nan yashi yake ci, ya ƙafe.
Kowane mako sai buroshi da man giris.
Kai da kofin shayinka ke kwana uku ba wanki?

Yaran gareji suka kwashe da dariya.
Ban yi ba.
Lissafi nake: albashin kantin magani sau nawa,
adashin da zan ɗauka sai bayan Tabaski,
da Lahadin Mirriya,
Inna a gaba, buhun hatsi biyu a baya,
ga kabewa, ga ƙanwarta Gwaggo Zuwaira
wadda ita kaɗai rasor ce mai zaman kanta.

Kyari bai ƙara wa'azi ba.
Ya kira Tanimun da Zabairu da wani ƙato mai faci,
ya cusa su baya, ya ɗora tsohon inji a but.
Motata ta durƙusa.
Wayyo, kyau!
Kamar kyanwa ta hango ɓera.
Ya ce: haka za ta zama. To, ja mu.

Mun kai tudun rage gudu na gaban asibiti,
na bi shi a karkace, ina salati,
sai ƙurrr,
cikinta ya gaisa da siminti,
na ji shi a haƙorina na ƙasa.
Mai lemu a gefen titi ta ce: sannu, ɗana.
Ban san da wa take ba, ni ko motar.

Da muka koma ya miƙo mini gwangwanin tumatir,
ƙarami, na dala ashirin.
Ya ce: iyakar abin da zai rage tsakaninka da ƙasa ke nan.
Je ka tambayi gari.

Kwana tara ke nan yana aljihuna.
Na tsuguna da shi a lungunan Birni, inda dutse ke leƙowa,
a mashigin gidanmu, a ramin gaban tasha.
Mutane sun fara gaishe ni a tausashe.
Damagaram ta ba ni amsa wuri goma sha ɗaya,
duk iri ɗaya.

Amma da dare nakan fito da fitilar waya,
in sa yatsa huɗu a wannan sarari,
in naɗe biyu,
in tsaya ina kallo.