Hawashar da Ba Ta Kai Ƙumba Ba

Malama Tumadir ta ce mu daina zana wayoyi da hannu.
Yanzu rubutawa ake yi:
ka faɗa wa kwamfuta abin da kake so da'irar ta aikata,
ita ta nemo ƙofofin ta jera,
kai kuma ka zauna kana yi mata gardama.

Daren farko layi arba'in na rubuta,
ta mayar mini da kuskure sittin da uku.
Sai aka ɗauke wuta a Wad Madani,
muka fito waje muna fifita da takardun darasi.

A mako na tara taswirar ta fito.
Na ƙura wa allon ido, gabana ya faɗi,
don na san wurin nan.
Ga babbar tur'a ta taso daga kudu,
ƙananan sun ɓalle daga jikinta,
ga Abu Ishirin, ga Abu Sitta,
kowace tana kai rabonta bakin hawasha.
Gonakin garinmu ne aka matse su,
tiranzista miliyan biyu a madadin auduga.

Can kusurwar ƙasa wani layi ya yi ja.
Malama ta ce saƙo ya makara,
bugun agogo ya riga shi isa.
Makarar ba ta kai a ce ƙiftawar ido ba,
ido ma ya yi mata nawa,
amma ta isa ta lalata aikin duka.

Kwana uku ina fama.
Sai na tuna Baba Gambo tsaye cikin laka da fitila,
yana cewa mai gona a wutsiyar tur'a
shi ke kwana da ƙishirwa,
ba don ruwa ya ƙare ba, hanya ce ta yi tsawo.
Na ja rukunin kusa da uwarsa,
na rage kwana biyu a hanyar.
Jan ya koma kore.
Ban yi ihu ba, shayina da ya huce na shanye.

Ran Juma'a na nuna masa a waya.
Ya ce, fadan nawa ce?
Na ce ba ta kai ƙumbarka ba,
kuma sai an ƙetara teku ake shuka ta, a kan yashin da aka tace.
Ya daɗe yana kallo,
ya ɗora yatsa mai kaushi a gefen gabas,
ya ce nan ya yi cunkoso, zai yi zafi.

Ran Lahadi Malama ta zagaye wurin da jan biro.