Takalman Baba Nomau

Kakana Nomau baduku ne a Aboabo.
Daga tsohuwar tayar mota yake yanko tafin takalmi,
ya ɗinke da zaren da ya sha kakin zuma.
Tun ban yi wayo ba na ga ƙafa uku rataye a ƙusa,
can ciki, inda hannun mai ciniki ba ya kaiwa.
Na zuwa Makka ne, in ji shi, kuma a ƙasa,
yadda kakansa ya je, ya dawo da furfura
da wani tabo a dunduniya.

Guzuri ya haɗu tuntuni.
Lokacin fita kawai ya rage.

A bayan littafin masu bashi yake lissafinsa.
Bazara? A'a. Daga Yendi zuwa gaba
ƙasa kasko ce,
ka jefa guga ya dawo maka da laka.
Damina? Mu a Kumasi ma sau biyu take gaishe mu,
kogi a Yeji ya cika ya batse,
mai kwalekwale ya ninka kuɗi yana kallon gefe,
fata kuma ba ta shiri da ruwa,
wannan baduku ya fi kowa sani.

Kaka, yakan ce, yana buga alƙalami a haƙori.
Da kaka ake fita.
Sabuwar doya ta fito, dawa ta sunkuyar da kai,
kowane ƙauye ka sauka akwai sauran tuwo a tukunya,
baƙo ba ya zama nauyi.
Sai dai da kaka ne manoman koko ke karɓar kuɗi,
su cika rumfa, kowa da ma'aunin ƙafar ɗansa
a guntun kara.
Wa zai rufe rumfa a irin wannan wata?

Ga kuma watan Hajji da ba ya zama wuri ɗaya,
kowace shekara ya ja baya da kwana goma sha ɗaya,
lissafin bara ya tashi a banza.

Iya Tabawa na juya ƙosai, ba ta ko ɗago ba:
Malam, hanyar da za ta ci shekara biyu,
duk wanda ka zaɓa a cikinsu,
sauran suna zaune a gaba suna jiranka.
Ya ce mata man ya yi zafi.

Haka gwiwarsa ta fara ƙara in zai tashi daga sujada.
Haka kawunnaina suka haɗa kuɗi a ɓoye
suka saya masa kujera.
Ya ci abincin rana a sama,
bai ga Yeji ba, bai ga rijiya ko ɗaya ba,
gajimare kawai, kamar audugar da aka shanya.
Amma ƙafa ɗaya ta bi shi a jaka.
Da ita ya taka daga Arfa zuwa Muzdalifa,
ya ƙi mota, ya ƙi keken da ake tura tsofaffi.

Da ya dawo ya miƙo mini tafin in duba.
Zanen tayar bai ko goge ba.
Ya ce, na isa, Asabe,
tafiyar ce ban yi ba.

Jiya ruwan Yuni ya tsuge tun asuba.
Na tarar da shi ya buɗe littafin bashi,
yana sake jan layi ƙarƙashin kaka.
Na sauko da ƙafa ta biyu daga ƙusa.
Ta yi mini yawa, na cusa tsumma a baya,
na fita ba laima,
na bi titi har Kejetia
ina jin ruwa yana shiga tsakanin yatsuna.
Fatar ta jiƙe, ta yi nauyi.
Ɗinkin bai saki ba.